Hoton da aka rubuta 12/40 a ƙasansa, orijina ne ko kwafi?

Ɗan Unguwar Sarki:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin harkar zane ku fahimtar da ni kafin in cire kuɗi. Akwai wani galari a nan Kaduna da suke baje koli yanzu, an tara masu zane sun fi goma, kowa ya kawo aikinsa amma duk a kan abu ɗaya, wato damina. Wani ya zana kogin Kaduna ya cika yana lasar gada, wani ya yi mata masu gasa masara a bakin titi, wata kuma kwanon rufi kawai ta zana ruwa na tsiyaya daga indararo, kuma wallahi shi ya fi shiga raina. Na tambayi kuɗinsa aka ce dubu 950, na ce Allah ya kawo mai rabo. Sai yarinyar da ke kula da wajen ta ce ai sun fitar da bugunsa guda 40 kacal, dubu 85 ba firam. Ta ɗauko min ɗaya, a ƙasa an rubuta 12/40 da fensir ga sa hannun mai zanen a gefe.

To ni dai tambayata, wannan ba fotokwafi ba ne aka sa masa babbar riga? Me zai hana gobe su sake buga wasu 40 ɗin? Sannan mene ne amfanin tara mutane a ce kowa ya yi abu ɗaya, ba gara kowa ya kawo abin da ya fi iyawa ba?

Mai Fosta:
Hhh oga ɗauko shi a waya ka turo min, dubu uku zan buga maka har girman ƙofa, in kana so ma in rubuta maka 1/1 a ƙasa.

Malamin Zane:
Wa alaikumus salam. Mai Fosta ka ji tsoron Allah, aikin mutane ne fa, kuma naka wata shida a falo ja ya koma ruwan goro.

Ɗan'uwa kafin komai ka koma ka yi musu tambaya ɗaya: da me aka buga shi? Domin abu biyu ne daban ake kira da suna ɗaya, kuma masu galari ba kowa ke son ya bambance maka ba.

Na farko shi ne wanda tun asali don bugu aka yi shi. Mai zanen zai samu katako ko roba mai kauri da muke ce wa lino ya sassaƙe hoton a jiki, ya shafa tawada ya danna a takarda, kamar dai hatimi. Ko ya ɗauki farantin tagulla ya shafe shi da kakin da asid ba ya ci, ya karce zanen da tsinke, ya tsoma a asid ya cinye inda aka karce, sai a cusa tawada cikin ramukan a goge sama, a jiƙa takarda a bi ta cikin injin matsi. In ka shafa irin wannan za ka ji shatin farantin ya lotsa a takardar kewaye da hoton. Akwai kuma na raga, irin yadda ake buga riguna, kowane launi da ragarsa da zuwansa, in launi shida ne sau shida takardar za ta bi hannu. To duk waɗannan babu wani orijina da aka ɓoye a ɗaki, kowanne cikin 40 ɗin shi ne orijina, kuma in ka jera biyu za ka ga ɗan bambanci a kaurin tawada.

Kuma mu 'yan jihar nan bai kamata abin ya zama mana baƙo ba. Bruce Onobrakpeya, wanda in ana maganar bugu a Najeriya da shi ake farawa, a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 su da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, lokacin makarantar ba ta ma zama ABU ba, sai 1962. Mutumin nan da bugu ya yi sunansa, kuma tun 1998 yake tara masu zane a Agbarha-Otor ta jihar Delta ana koyon sana'ar. Wa zai kalli aikinsa ya ce fotokwafi?

Na biyu shi ne wanda nake zargin shi aka nuna maka, tunda ka ce akwai na fenti a rataye. An yi zane da buroshi, an ɗauki hotonsa ko an yi sikanin, an fitar da shi da babbar firinta mai feshin tawada, shi ne suke kira jikile. Wannan kam kwafi ne, ba a ɓoye-ɓoye. Amma in an yi shi da gaske, da tawada mai jure haske a kan takardar auduga wadda ba ta rawaya, kuma mai zanen ta zauna an daidaita launi da ita, to ba sa'an fosta ba ne. Kawai dai bai kamata kuɗinsa ya kamo na hannu ba.

Maganar me zai hana su ƙara bugawa, gaskiya ba abin da zai hana sai amana. A na hannu akan karce farantin ko a huda shi bayan an gama, shi ke nan an kashe shi. A na firinta kuwa fayil ne a kwamfuta, yana nan. Lambar nan alkawari ce mai zanen ta ɗauka, in ta saɓa sunanta ta zubar, kuma harkar nan ƙarama ce labari ba ya kwana. Ka nemi takardar shaida mai sunan aikin, shekara, girmansa, irin takarda, adadi, da sa hannunta ita kanta ba na galari kaɗai ba. Ka kuma tambaya ko za su fitar da shi a wani girman, don wata dabarar ke nan, a ce 40 babba sai a dawo da 100 ƙarami wai ai daban ne. In ka ga wani an rubuta A/P maimakon lamba kada ka tsorata, rabon mai zane ne, amma 'yan kaɗan ne bisa al'ada, kamar ɗaya cikin goma na adadin.

Maman Biyu:
Malam Allah ya ƙara basira. Ni bari in taɓa tambayarsa ta ƙarshe, ta tara masu zane a kan abu ɗaya, tunda ina yawan leƙa irin wuraren nan. Haɗakar nan ita ce ƙofar yara masu tasowa, wanda ya gama Poli ko ABU jiya ina ya ga ayyuka talatin da kuɗin firam da zai cika ɗaki shi kaɗai? Amma biyu ko uku zai iya, a rataye nasa kusa da na malaminsa, mai kuɗin da ya zo don babba sai idonsa ya faɗa kan ƙarami. Shi kuma galari kowane mai zane zai jawo mutanensa ranar buɗewa, ga shi kasonsa mai kauri ne, wasu har rabin kuɗin suke ɗauka.

Sannan ni a ganina in aka ba su magana ɗaya a nan ake gane mai ido. Kai kanka ga shi ka wuce kogi ka wuce masara ka tsaya a kan kwanon rufi, da kowa nasa ya kawo ba za ka auna haka ba. Aibin kawai wasu ragwaye ne, tsohon aikinsu za su ɗauko su canja masa suna ya dace da taken, ka ga hoton doki an rubuta wai yana jiran ruwan sama.

In ka saya don Allah kada mai firam ya manna maka shi da gam a jikin katako, kuma a sa kwali a kewaye yadda takardar ba za ta taɓa gilashi ba, in ba haka ba watan Agusta raɓa za ta taru ta liƙe. Bayan ma a rufe shi da kyau saboda ƙurar hunturu. Kada ka rataye shi a bangon da ke shan ruwa ko inda rana ke faɗowa ta taga.

Sarkin Lissafi:
Ku dai ku faɗa masa ko akwai riba. Ba zanen nan Tutu na mai zane Ben Enwonwu aka sayar fam miliyan 1.2 a Landan a 2018 ba? Ni in zan saya 1/40 zan nema.

Malamin Zane:
Ƙanina wancan na fenti ne da Enwonwu ya yi da hannunsa a 1974, fostocin Tutu kuwa sun cika gidaje a ƙasar nan ba wanda ya yi arziki da su. Kuma 1/40 da 40/40 a na firinta duk ɗaya ne, ko a na hannu ma sau da yawa sai an gama an bushe ake bi ana sa lamba yadda suka zo hannu. Mai neman riba ya je Dawanau ya sayi masara ya ajiye, a nan Kaduna ko ka tashi sayar da bugu wa za ka kai wa.

Ɗan Unguwar Sarki:
Na gode ƙwarai Malam, Hajiya na gode. Na kira su, sun ce na firinta ne a kan takardar auduga, akwai takardar shaida, amma da na yi maganar ƙaramin girma sai yarinyar ta ce sai ta tambayi oga. Ta kuma ce akwai wani yaro cikin masu baje kolin da ya yi na lino baƙi da fari guda 15, masu acaba sun fake a ƙarƙashin gada, dubu 60. Kuma babu jan ɗigo a jikin wanda aka rataye, ta ce alamar ba a saye ba ke nan.

Malamin Zane:
Je ka ga na yaron da idonka tukuna, ka ce a ciro maka guda biyu daga firam ko daga aljihun tebur ka jera su, ka duba ko baƙin ya kama sosai ko ya yi dabbare-dabbare, ka juya bayan takardar ka ga alamar matsi. In yana wajen ka ce ya nuna maka linon da ya sassaƙa, yawancinsu murna suke yi. Na kwanon rufin kuma kada ka biya sai oga ya amsa maganar girman, a rubuce a jikin rasit.

Maman Biyu:
Wace rana za su rufe? In ya kai Asabar zan shigo da yarana bayan Islamiyya, babbar tana son zane.