Tazara da obatekin: na gaba ne da gaskiya ko na baya?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana tuƙi ce, musamman masu bin hanyar Kaduna da ta Kano kullum. Abu uku ke yawan jawo cacar baki tsakanin direbobi a nan Zariya, kowa kuma sai ya rantse shi ke da gaskiya. Mutum na tafiya a hannun hagu na babban titi, wani ya zo ya manne masa a baya yana ƙyalla masa fitila. Na gaba ya ce iyakar gudun da doka ta yarda yake yi, ba inda zai kauce. Na baya ya ce an tare masa hanya. Sai kuma tirela a hanya mai falle ɗaya: in ta kunna siginar hagu, cewa take "wuce" ko "kar ka fito"? Sannan tazara nawa ya kamata a bari, tunda a cikin gari da ka bar fili keke zai cusa kai? Allah ya saka da alheri.

Malamin Tuƙi, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in fara da tazara, don ita ce tushen sauran biyun.

Ba da tsawon mota ake auna ta ba, da lokaci ake aunawa. Ka zaɓi abu a tsaye a bakin hanya, turken wuta ko allo. Da bayan motar gabanka ya gifta shi, ka fara ƙirga: "dubu ɗaya da ɗaya, dubu ɗaya da biyu." In ka iso wurin kafin ka rufe baki, ka matse shi da yawa. Daƙiƙa 2 ke nan, ita ce mafi ƙaranci a busasshiyar kwalta, da rana, da taya mai kyau. Ni 3 nake koyarwa.

Ga dalili. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idonka ya ga jan wutar birkin na gaba zuwa lokacin da ƙafarka ta bar totur ta sauka kan birki, daƙiƙa guda ta tafi, in hankalinka na kan hanya. In waya na kunnenka, ta fi haka. Mita 28 ke nan ka ci ba ka rage komai ba. Birkin kansa zai ci wasu mita 55 ko sama kafin mota ta tsaya cak. Jimilla sama da mita 80. Wanda ya bar mita 10 tsakaninsa da na gaba a wannan gudu, da na gaban ya taka birki da ƙarfi zai shige masa ko da ya taka nasa birkin.

Abin da mutane ba sa lura da shi: in ka ninka gudu, nisan birki ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. A 50 wajen mita 14 ne, a 100 ya haura 55. Shi ya sa tun da aka gyara hanyar Kano ta yi sumul, tazarar da mutum ya saba bari lokacin ramuka ba ta isarsa yanzu.

Da ruwa ka mai da ita daƙiƙa 4. Ruwan farkon damina ya fi kowanne santsi, saboda yana tayar da man da ƙurar da suka kwanta a kwalta duk rani. Haka in hazo ya sauko a Disamba da Janairu.

Batun hannun hagu kuwa, su biyun duk da laifinsu. Tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, don haka a titi mai falle biyu hannun hagu na wucewa ne: ka wuce, ka koma dama. Ko da 100 kake yi, wadda ita ce iyakar ƙaramar mota a babban titi, tsare gudun wani ba aikinka ba ne, aikin 'yan Rod Sefti ne. Shi kuma na baya, an tare masa hanya ba lasisin mannewa ba ne. Fitila sau ɗaya daga nesa ta wadatar.

Baba Mai Tirela:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ɗana, kan sigina ga gaskiyar magana: direbobin manyan motoci ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. Wani in ya kunna hagu yana nufin "bi ta nan, gaba ba kowa." Wani nufinsa "mota na tahowa, zauna a bayana." Na uku kuwa ba da kai yake ba sam, rami zai kauce wa, ko wata motar zai wuce, ko kwana zai shiga hagun da gaske. Fitila ɗaya, ma'ana uku, biyu daga ciki in ka fito ka shiga uku. To ka ɗauki siginar hagu a matsayin "tsaya." Ko yaron mota ya miƙo hannu yana yafito ka, kar ka fita sai idonka ya ga hanyar da kansa. Shi daga sama yake hange, bai san ƙarfin injinka ba, bai san mutum nawa ka ɗauko ba.

Sai abin da ke ƙona wa masu manyan motoci rai, wanda masu ƙananan ba su san suna yi ba. Mutum ya wuce tirela, ya faɗo gabanta da mita biyar, sannan ya taka birki don ya ga rami ko zai sauke fasinja. Motar da ta ɗauko tan 30 na siminti ko masara ba ta tsayawa yadda Golf ke tsayawa. Birkin iska ne, akwai ɗan jinkiri kafin ya kama, nauyin kuma turo ta yake. Filin nan da direba ya bari gabansa ba kyauta ya bar maka ba, wurin tsayawarsa ne. Kar ka koma hannunka sai ka ga kan tirelar gaba ɗaya, fitilu biyu da gilas, a madubinka na tsakiya.

In kana bayanta kuma ba ka hango madubinta na gefe, direban bai san kana nan ba. Gefen dama ya fi muni, nan ne ba ya gani sosai. Kuma doguwar mota in za ta sha kwanar dama sai ta fara buɗewa hagu. Ɗan acaɓa ya ga fili ya buɗe a dama ya kutsa, bayan motar ya zo ya rufe da shi. A Kwangila da Ɗan Magaji, inda manyan motoci ke juyawa cikin cunkoso, a kiyaye wannan ƙwarai.

Injiniya Samaru:

Baba ya gama magana kan sigina. Bari in sa lissafi a kan obatekin ɗin kansa a hanya mai falle ɗaya, irin ta Soba zuwa Pambeguwa.

A ce tirela na 60, kai kana 80. Bambancinku kilomita 20 ne a awa, wato ƙasa da mita 6 a daƙiƙa. Tsawonta wajen mita 17, taka motar 5, ka ƙara mita 20 na baya da 20 na gaba. Mita 60 da ɗoriya za ka cinye da wannan ɗan bambancin, daƙiƙa 11 ke nan kana hannun da ba naka ba. A cikinsu kai ka yi mita 240, mai tahowa da 90 ya yi 275. Ashe kana bukatar hanyar da ka gani a buɗe fiye da rabin kilomita. In kwana ko tudu ko gada ko mararraba ta yanke maka hangen, babu obatekin. Haka in layin tsakiya ba mai tsinke-tsinke ba ne.

Nan ne mannewa ke cutar da mai yin ta. Wanda ya liƙe a bayan tirela ba ya ganin komai sai bodinta, dole ya leƙo da rabin motarsa kafin ya san abin da ke gaba. Kuma daga gudunta zai fara, 60, sai ya fita sannan ya soma neman wuta. Wanda ya ja baya daƙiƙa 3 yana hangen hanya ta gefe, yana tara gudu tun yana hannunsa. Ka duba madubi, ka waiga kafaɗar hagu don wani na iya riga ka fitowa, ka sa sigina, ka sauko giya ɗaya (daga 5 zuwa 4, ko 3 in da lodi), ka fita gaba ɗaya. In ka ga ba za ta yiwu ba, birki ka koma. Kar ka tsaya kafaɗa da kafaɗa kuna ja-in-ja. Bin bayan wanda ya fita obatekin kamar raƙumi da akala shi ne mafi haɗari: gurbin da zai koma na mota ɗaya ne.

Wanda ake wucewa shi ma da haƙƙi a kansa. Kar ya ƙara wuta. In ya ga na gefensa ya shiga matsi, ya ɗaga ƙafa.

Hajiya Maman Ilham:

Malam, daƙiƙa 3 a PZ ko Ƙofar Doka da yamma? Ai kekuna uku za su shige, na bayanka kuma ya cika maka kunne da hon. Sannan me za a yi da wanda ya manne ya ƙi wucewa?

Malamin Tuƙi, Sabon Gari:

Hajiya, da gaskiyarki, amma a cunkoso gudun bai wuce 20, daƙiƙa 2 ɗin mita 11 ne kacal. In an tsaya cak, ki tsaya inda kike ganin tayoyin bayan na gabanki a kan kwalta. In ya mutu a wurin za ki iya zare motarki ba sai kin yi ribas ba. Keke ya shiga, ki ɗaga ƙafa ki sake buɗe filin. Tafiyar ba ta ƙaru da ko minti ɗaya ba, kuma keke ne ya fi kowa tsayawar ba-zata in ya hango fasinja.

Mai mannewa kuwa, kar ki taɓa masa birki don ki tsorata shi, nan ake samun karo da rigimar wa zai biya fanal bita. Ki ƙara tazarar gabanki, don in tsayawa ta kama ki tsaya a hankali ya samu lokacin ganin wutarki. Da kin samu wuri miƙaƙƙe ki sa siginar dama, ki ɗan raɓe, ki rage gudu ya wuce. Ki kuma riƙa duba wutar birkinki: ki sa wani ya tsaya a baya ki taka. Motoci da yawa ƙwai ɗaya ne ke kamawa, wasu ko ɗaya, mai motar bai sani ba yana ta zagin na baya.