Shin fim ɗin zahiri zai iya buɗe bakin magana a kan ciwon ajali?

Malamar Jinya:
Assalamu alaikum. Ina koyar da ɗaliban aikin jinya, kuma abin da ya fi damuna shi ne sun iya ɗaura ruwa da yin allura, amma bakinsu yakan mutu idan dangin majinyaci suka tambaye su ko akwai alamar zai tashi. Kwanan baya na kalli Extremis, fim na minti 24 wanda Dan Krauss ya fitar a 2016. A sashen kulawa ta musamman na asibitin Highland da ke Oakland a Amurka aka ɗauke shi, kuma babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, iyalai ne na gaske suke shawarar ko a bar ɗan'uwansu a kan na'urar numfashi ko a cire ta. Ina so in nuna wa ɗalibaina, daga baya kuma in gwada da masu jinyar 'yan'uwansu. Ko hakan zai karɓu a wajenmu?

Likitan Ciwon Daji:
Wa alaikumus salam, Malama. Ga ɗalibai ina goyon baya, domin za su ga yadda likita take zama ta saurari dangi ba tare da gaggawa ba, abin da littafi ba ya koyarwa. Sai dai ki lura cewa damuwar mutanen fim ɗin daban take da tamu. Su na'ura ce ta yi musu yawa har suna neman lokacin dakatar da ita, mu kuwa majinyaci yakan zo ne bayan ciwo ya ci jiki, kuɗi sun ƙare, sannan babban wa ya ja ni gefe ya ce kada in faɗa wa Baba abin da ke damunsa. Daga nan sai a ce za a koma gida a gwada na gargajiya, mutum ya yi makonni yana fama da raɗaɗin da ake da maganinsa.

Saboda haka idan an gama kallo, ki kawo musu misalin Yuganda, wanda ya fi kusa da halinmu. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda, cibiyar kula da masu ciwon ajali, inda ake haɗa ruwan mofin (maganin kashe raɗaɗi mai tsanani) mai araha wanda majinyaci zai sha a gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba wa ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi. Wannan shi ne abin da zai nuna wa ɗalibanki cewa aikinsu bai ƙare ba don likita ya ce ciwo ba zai warke ba.

Malamin Islamiyya:
Malama, Allah ya saka da alheri. A ganina ambaton mutuwa ba ya yi mana nauyi, muna jin sa a huɗuba da wa'azi da zaman makoki. Abin da muke gudu shi ne maganar kwanakin da suke gabaninta, domin duk wanda ya ce wa mahaifinsa ya rubuta wasiyya sai a ce yana yi masa fatan mutuwa. Alhali Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas yana kwance ba shi da lafiya ya tambayi Manzon Allah (SAW) nawa zai yi wasiyya da shi daga dukiyarsa, aka amince masa da sulusi, aka ce sulusin ma da yawa. Wanda aka ɓoye wa halin da yake ciki an hana shi faɗin bashin da ake bin sa da neman yafiyar waɗanda ya saɓa wa. Idan fim zai jawo wannan zance, ban ga aibu ba, da sharaɗin a fara kallonsa a tace abin da ya shafi tsiraicin marasa lafiya. Iyayenmu ma ai sun kalli majigin kiwon lafiya a ƙofar fada.

Maman 'Yan Biyu:
Ni na yi jinyar maigidana wata bakwai kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma roƙona ɗaya ne: kada a nuna wa wanda yake tsakiyar jinya, ko matar da ba ta fita takaba ba. A cikin wata huɗu da kwana goma ɗin nan ko ƙarar motar asibiti na ji sai jikina ya ɗauki rawa. Bayan shekara guda ne na iya ba da labarin. Kuma a ware mata daban, domin mu ne muke kwana da majinyaci muna juya shi, amma a gaban surukai ba za mu ce uffan ba.

Malamar Jinya:
Na gode ƙwarai. Maman 'Yan Biyu, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Zan fara da 'yan ajin ƙarshe kawai, in riƙa tsayar da fim ɗin ina fassarawa, sannan kowannensu ya gwada yadda zai amsa wa babban wan da Likita ya ambata. Batun masu jinya na jingine shi tukuna.