Kofin Eagles na kakar 2017: na Wentz ne ko na Foles?

Kawu Direba: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, yau zan faɗe ta, mai ja ya fito. Kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka ta NFL, na farko da ƙungiyar Eagles ta Filadelfiya ta ɗauka, na kakar 2017, majefinta Carson Wentz ne ya ciwo shi, ba Nick Foles da ya maye gurbinsa bayan ya ji rauni ba. Wentz ya buga wasa 13, ƙungiyar ta ci 11. Bayan Kansas City ta doke su a mako na 2, sau 9 a jere suka yi nasara. Ya jefa tacdawun 33 (jifar da aka kai bayan layin ƙarshe na abokan hamayya aka ci maki), ya karya tarihin da Sonny Jurgensen ya kafa wa ƙungiyar tun 1961, kuma sau 7 kacal aka cafke masa ƙwallo. Ranar 10 ga Disamba a Los Anjalis jijiyar gwiwarsa ta tsinke, bai fita ba sai da ya ƙara jefa wa Alshon Jeffery tacdawun da wannan ƙafar. Yau ka je filin wasa a Filadelfiya, mutum-mutumin Foles da koci Doug Pederson za ka tarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan rashin adalci ne.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Ka tsaya a wasan Los Anjalis ɗin da ka kawo. Wentz ya fita ana 31 da 28, nan da nan Rams ta Los Anjalis suka zura suka koma gaba, 35 da 31. Wa ya kai ƙungiyar inda Jake Elliott ya buga maki uku-uku har sau biyu? Foles. Har wasan da kake ƙirga wa Wentz na 11, Foles ne ya ƙarasa shi daga baya.

Autan Zaure: Yayyena ku yi mini uzuri, ni daga Kano nake bin wasan nan a intanet kuma ban daɗe da farawa ba. Me ya sa ake ɗora wa mutum ɗaya kofi, alhali mutum 11 ne a fili?

Malamar Lissafi: Auta, kwatabak shi ne majefi. Kusan duk lokacin da ƙungiyarsa ke kai hari, ƙwallo ta hannunsa take bi, shi yake karanta tsayuwar 'yan bayan abokan hamayya, shi yake zaɓar wanda zai jefa wa. Ana ba su dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu. Tacdawun maki 6 ne, bugun tsakanin sanduna maki 3. Shi ya sa idan majefi na ɗaya ya ji rauni a Disamba, yawanci mutane sukan ɗauka kakar ta ƙare.

Kawu Direba: To ka ji. Kuma haka aka ɗauka. Eagles ce ta ɗaya a rukunin NFC, ɗaya daga rukunai biyun gasar, a gidanta za ta buga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, amma masu hasashe suka ce Atlanta da ta shigo a matsayi na 6 ita za ta ci. Me ya jawo wannan raini? Foles. Ranar Kirsimeti da Raiders kowa ya ga yadda ya yi ta zubar da ƙwallo, da ƙyar aka sha 19 da 10. Sai Dallas ta zo ta yi musu 6 da 0. Ɗana, ka gaya mini, da ba don wasannin da Wentz ya tara ba, a ina za a buga da Atlanta? A ina za a buga da Minisota? A cikin sanyin Janairu, a gaban mutanenmu masu ihu aka buga, kuma guzurin Wentz ne ya saya mana wannan.

Ɗan Damagaram: Kawu, wasan Dallas ba shi da amfanin komai, an riga an tabbatar da matsayi na ɗaya, Foles bai daɗe a fili ba aka cire shi. Kuma ka tsallake wasan Giants, inda ya jefa tacdawun 4 aka ci 34 da 29. Minisota ma da nasara 13 ta gama kakar, daidai da Eagles. Ke nan wasanni biyun da Foles ya ci su ne suka rufe zancen buga wasa a gida.

Anti Bronx: Ɗan Damagaram, ni 'yar Giants ce, kada ka yi tinƙaho da wancan wasan. Wasa 3 kawai muka ci a kakar nan gaba ɗaya, kowa ya zo sai ya zura mana. Ni abin da nake so ku duba shi ne wasan Atlanta. An tashi 15 da 10. Foles bai jefa tacdawun ko ɗaya ba. Dab da hutun rabin lokaci ya yi jifar da ya kamata a cafke, ƙwallon ta bugi gwiwar Keanu Neal ta yi sama ta faɗa hannun Torrey Smith, daga nan aka samu maki 3. A ƙarshen wasa Atlanta na yadi 2 da layi, dama ta huɗu, Matt Ryan ya jefa wa Julio Jones, ƙwallon ta wuce ta hannunsa. Da ya riƙe ta, da yau babu mai tuna sunan Foles a wannan zaure. 'Yan baya ne suka ci wannan wasa, su Fletcher Cox da Brandon Graham.

Ɗan Damagaram: Anti, na yarda ya yi sanyi a farkon wasan Atlanta. Sai mako na gaba fa? Minisota ita ce ta fi kowa tsaron baya a gasar a shekarar. Foles ya jefa 33, aka kama 26, yadi 352, tacdawun 3, ba a cafke masa ko ɗaya ba. 38 da 7. Akwai jifar yadi 53 ga Jeffery, akwai ta yadi 41 ga Smith. Wannan kuma gwiwar wa ta buga?

Malamar Lissafi: Ku duka biyun kuna barin waɗanda suka fi cancanta a ambata. Ku ƙirga waɗanda suka faɗi kafin Wentz: Jason Peters mai tsare bayan majefi ta hagu, Jordan Hicks a tsakiyar 'yan baya, Darren Sproles, har da mai bugu Caleb Sturgis, wanda rauninsa ne ya kawo Elliott da ya buga yadi 61 a kan Giants a mako na 3. Duk wanda ya fita sai a samu wanda ya maye gurbinsa ba a ga giɓi ba. Wannan aikin Howie Roseman ne da ya haɗa 'yan wasan. Shi ya ɗauko Jeffery da LeGarrette Blount da Chris Long, shi ya karɓo Jay Ajayi daga Miami a ƙarshen Oktoba, shi ya dawo da Foles ɗin ma.

Sai kuma kociyoyi. A hutun da suka samu kafin wasan Atlanta, Pederson da Frank Reich sun koma faifan wasannin Foles na 2013, shekarar da ya jefa tacdawun 27 aka cafke masa 2 kawai a ƙarƙashin Chip Kelly. Suka ƙara yawan salon nan da majefi zai zuba wa ɗan baya guda ido, in ya matso ya jefa ta bayansa, in ya tsaya ya miƙa wa mai gudu. Suka rage masa abin da zai yi tunani a kai. Foles na Kirsimeti da Foles na Janairu mutum ɗaya ne, tsarin ne aka canja. Ga kuma Jason Kelce da Lane Johnson da Brandon Brooks a gabansa. A wasan ƙarshe ko sau ɗaya ba a kayar da shi da ƙwallo a hannu ba.

Kawu Direba: Malama, Allah ya saka da alheri. Abin da nake faɗi ke nan. An gyara masa komai.

Malamar Lissafi: A'a Kawu, kada ka ja maganata ɓangarenka. Layin da ya tsare Foles shi ya tsare Wentz. In tsari ne ya ɗauki ɗaya, to ya ɗauki ɗayan ma.

Na Boston: Tun ɗazu nake karantawa. Ni ɗan Patriots ne, ƙungiyar da Eagles ta doke a wasan ƙarshe, kuma har yanzu abin yana yi mini zafi. Ba Wentz ba ne, ba Foles ba ne, kocinmu Bill Belichick ne ya miƙa muku kofin. Malcolm Butler, wanda ya ceto mana kofi a hannun Seattle a 2015, wanda ya buga kusan duk kakar, aka ajiye shi a benci bai shiga tsaron baya ko sau ɗaya ba. Julian Edelman bai buga kakar ba sam, Brandin Cooks ya fita tun kafin hutun rabin lokaci. Duk da haka majefinmu Tom Brady ya jefa yadi 505, abin da ba a taɓa yi ba a Super Bowl, mun ci yadi 613, ba mu taɓa bugawa mu mayar muku da ƙwallo ba. Anti tana yabon 'yan bayan Eagles, ina suke a daren nan? Sannan tacdawun ɗin Corey Clement, ƙwallon ta motsa a hannunsa kafin ya fita layi. Da dokar da ake bi a kakar nan aka bi, da an soke shi.

Anti Bronx: Suna nan lokacin da aka fi bukatarsu. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, Brady na riƙe da ƙwallo, tazarar maki 5 ce kawai, kuma duk mun san yadda ya farfaɗo daga baya ya doke Atlanta a wasan ƙarshe shekara guda kafin nan. Graham ya kutsa ya fizge ta, Derek Barnett ya ɗauke. Kayarwa ɗaya tak aka yi a wasan gaba ɗaya, ita ce wannan.

Ɗan Damagaram: Na Boston, ka ƙarfafa mini hujja ba ka sani ba. In 'yan baya sun kasa tsayar da Brady, wa ya rage ya ci wasan? Mutumin da ya yi musayar wuta da shi har ƙarshe. Yadi 373, tacdawun 3. Saura daƙiƙa 38 a tafi hutu, dama ta huɗu, yadi 1 da layi, shi Foles ɗin da kansa ya je gefen fili ya ba Pederson shawarar a yi Philly Special. Clement ya karɓa, ya miƙa wa Trey Burton, Burton ya jefa wa Foles, ya kama. Irin wannan dabara Patriots suka gwada kafin nan, ƙwallon ta suɓuce wa Brady. Sannan da kuka wuce gaba 33 da 32, Eagles na da dama ta huɗu a cikin yankinsu, yadi 1 ake nema. Da jifar nan ta faɗi ƙasa, da wasa ya ƙare. Ya samu Zach Ertz. Ya ƙara samun Ertz ɗin a layi. Wannan ba wanda zai tsara maka shi a allo, sai zuciya.

Autan Zaure: Na ji an ce akwai 'yan asalin Najeriya a ƙungiyar?

Malamar Lissafi: Akwai. Nelson Agholor a Legas aka haife shi, kuma ya kama ƙwallo 9 a wasan ƙarshe. Ajayi a Landan aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya ne. Kawu zai iya ƙara Agholor cikin hujjojinsa, don shekaru biyunsa na farko sun yi masa nauyi, a hannun Wentz ya farfaɗo a 2017.

Kawu Direba: Na karɓa. Ɗana, ban ce Foles bai yi ƙoƙari ranar 4 ga Fabrairu ba, ni ma na yi kuka a daren, tun 1960 garin nan yake jira. Amma wasa uku ba su ne shekara ba. Ka dubi abin da ya biyo baya. Jacksonville ta ba shi kwantiragin dala miliyan 88 a 2019, kafin shekara ta ƙare yana benci. Ya je Chicago, bai zauna ba. In shi ne ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗa, me ya hana shi ɗaukar wata?

Ɗan Damagaram: Ƙashin wuyansa ne ya karye a wasansa na farko a Jacksonville, Kawu. In za a yi wa Wentz uzurin rauni, a yi wa Foles. Kuma in abin da ya biyo baya za a duba, a kakar 2018 Wentz ya sake jin ciwo, wannan karon a gadon baya, Foles ya sake karɓa, ya shigar da su wasannin sili-ɗaya-ƙwale, ya ci Chicago 16 da 15 a gidansu. Wentz kuwa a 2020 sau 15 aka cafke masa ƙwallo har aka ajiye shi aka saka Jalen Hurts.

Anti Bronx: Mu ma mun ga irin wannan a kakar 1990. Majefinmu Phil Simms ya ji rauni a Disamba, Jeff Hostetler ya fito daga benci ya ci Buffalo 20 da 19 a Super Bowl. Babu ɗan Giants da zai ce maka Simms ba shi da kaso, amma in an ce wa ya buga wasan, Hostetler ake kira.

Kawu Direba: Hajiya, bambancin shi ne Giants sun fara kakar da ta biyo da Hostetler. Eagles kuwa, mutanen da suke ganin su biyun kullum a filin atisaye, sun bar Foles ya tafi, suka ƙara wa Wentz shekara huɗu a kan dala miliyan 128. Sun fi mu sanin wanda ya gina kakar nan. Kuma sau ɗaya tak ya samu ya fara wasan sili-ɗaya-ƙwale, da Seattle a Janairun 2020, Jadeveon Clowney ya buge shi a ka tun a zangon farko aka fitar da shi. Ba a taɓa ba shi filin da Foles ya samu ba.

Ɗan Damagaram: Su ɗin dai da suka ba shi miliyan 128 a 2019, su ne suka tura shi Indianapolis a 2021, kafin sabon kwantiragin ma ya fara aiki. In shawarar ofis ce hujja, Kawu, sai ka ɗauki duka biyun.