Neman kalma: me za mu kira su Zhang Zuolin?

Malama Hadiza: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan ƙasar Sin bayan mutuwar shugabanta Yuan Shikai a 1916, lokacin da janar-janar irin su Zhang Zuolin suka yayyage ƙasar, kowa da rundunarsa da harajinsa, wasu har kuɗinsu suke bugawa. Turawa na ce musu warlords. Mu fa?

Sani Fagge: Sarakunan yaƙi.

Baba Wakili: Kul, yaro. Sarkin Yaƙi sarauta ce, sarki ke naɗa shi, kuma yana kai gaisuwa fada. Waɗannan ba su da na gaba. Ɗaya daga cikinsu, Yan Xishan, ya riƙe lardin Shanxi kamar gonar gado, har layin dogo ya shimfiɗa mai faɗi daban da na sauran ƙasar.

Sani Fagge: To madugan 'yan tawaye, Baba, yadda ake ji a labarai.

Malama Hadiza: Tawaye ga wa? Su ne ke juya gwamnatin Beijing. Zhang Zuolin ya fara da fashi a Manchuria, arewa maso gabashin Sin, ya ƙare yana mulki a Beijing, kafin sojojin Japan su tarwatsa jirgin ƙasansa a 1928.

Ɗan Damagaram: Na sha faɗa, iyayen daba. Gajere, kowa ya gane.

Baba Wakili: Mai igwa da jiragen sama za ka haɗa da yaran unguwa? Cewa za a yi hafsoshin soja masu cin gashin kansu.

Ɗan Damagaram: Soja ai Turanci ne, Baba. Ku 'yan Najeriya kun cika harshen da aro, sannan ku ce taku ce daidaitacciya.

Sani Fagge: Mai cewa lakwal da lokotoro ne ke mana gorin aro?

Ɗan Damagaram: Aƙalla mun san aro ne. A sa askarawa.

Baba Wakili: Wannan kuma Larabci. Hatta Sin ɗin daga Larabci muka samo ta.

Malama Hadiza: Don Allah malamai, dare na yi. Zan fara da ta Baba sau ɗaya, daga nan in riƙa cewa janar-janar masu yankuna, har zuwa yaƙin da Chiang Kai-shek, jagoran sojojin 'yan kishin ƙasa, ya ɗauko daga kudu a kansu a 1926.

Baba Wakili: Janar ma ba tamu ba ce, amma je ki, 'yata.

Ɗan Damagaram: Ni dai ina nan kan iyayen daba.