Neman shawara: sabuwar firiza ta daina sanyi, mai shago ya ce ba a mayar da kaya

Maman Hibba, Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ina sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara a gida. Da na ɗauki adashi sai na sayi firiza sabuwa fil cikin kwalinta a wani shago a Sabon Gari. Ko wata ba ta rufa ba ta daina sanyi. Injin yana tashi, amma yadda na sa ruwa haka nake ɗauko shi. Maigida ya koma shagon, mai shagon ya nuna masa ƙasan rasit inda aka rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawo da su, ya ce mu nemi mai gyara. Jarina ke nan gaba ɗaya, ga zubin adashi yana jirana. Shin wannan rubutun ya ɗaure ni? Ina zan kai kukana?

Abban Sadiƙ, mai gyaran firji, Kurna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kar ki bari kowa ya taɓa ta, ko da irina ne. Da zarar an yanke bututu ko an ɗura gas, mai shago ya samu bakin magana, zai ce ku kuka ɓata. Injin da ke tashi babu sanyi, yawanci gas ne ya tsiyaye ko kwamfuresa ta gaza, kuma a sabon kaya wannan ya fi kama da matsalar kamfani ko ta wajen dako. Ki ɗauki bidiyonta tana kunne, da hoton lambar da ke manne a bayanta. Kwalin ma ki adana.

Ummu Abdul:
Ni dai da ni ce 'yan sanda zan kai shi. Yana ganin kaki zai fito da kuɗinki.

Barista A., Zoo Road:
Ummu Abdul, a'a don Allah. Ciniki ne ya samu matsala, ba sata aka yi ba, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Sai a wayi gari mai gaskiya ta koma mai laifi.

Hajiya Maman Hibba, ki kwantar da hankalinki, wancan rubutun na ƙasan rasit bai fi ƙarfin doka ba. Akwai dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar kare masu saye ta CPC da aka kafa da dokar soja ta 1992. Sashe na 131 ya ce haƙƙinki ne ki samu kaya mai inganci, marar aibi, wanda zai yi aikin da aka saye shi dominsa. Sashe na 132 kuma shi ne makaminki: cikin wata 3 da karɓar kaya, idan ya gaza cika wannan sharaɗi, kina iya mayar wa wanda ya sayar miki ba tare da tara ba, ɗawainiyar mayarwar ma a kansa take, shi kuma dole ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Dokar ta kuma hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai sa mai saye ya sarayar da haƙƙin da ta ba shi, shi ya sa FCCPC ta sha nanata cewa tsarin "ba a mayar da kuɗi" haramtacce ne.

Abin da nake ji miki tsoro shi ne lokaci. "Dawo gobe" da "oga ya yi tafiya" su ke cinye wata ukun nan. Saboda haka yau ɗin nan ki rubuta masa takarda gajeriya: ranar da kika saya, abin da ya lalace, abin da kike nema, da wa'adin mako guda. A yi kwafi biyu ya sa hannu a ɗaya. In ya ƙi, a tura masa ta WhatsApp a ajiye shaidar.

Sashe na 146 ya jero inda ake kai ƙorafi: wurin mai kayan, ko hukumar da ke kula da wannan fanni in akwai, ko FCCPC, kuma duk da haka ƙofar kotu a buɗe take kai tsaye. A FCCPC ana shigar da ƙorafi ta shafinsu na intanet, a haɗa da rasit da hotuna da duk saƙonnin da aka yi musaya. Su za su tuntuɓi ɗan kasuwar su ji nasa ɓangaren, kuma galibi da sulhu ake farawa. In ya yi taurin kai suna da ikon yin bincike su ba shi umarnin bin doka a rubuce. Suna kuma da ikon ƙin ci gaba da ƙorafin da suka ga ba shi da tushe, don haka ki faɗi abin da ya faru daidai, kar a ƙara gishiri.

Nan gida kuma muna da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano. An fi saninta da kama jabun kaya da waɗanda wa'adinsu ya ƙare, amma tana karɓar koke irin naki. Ga ƙaramin shago a Sabon Gari, a ganina takardar gayyata daga hukumar da ke cikin gari ta fi saurin motsa mutum.

Alhaji Baba, ɗan kasuwa, France Road:
Barista ka yi bayani, Allah ya saka da alheri, amma a ji namu. Sau da yawa wuta ce ke ƙona kaya. A kawo ta da ƙarfi cikin dare, ko a jona firiza a ƙaramin janareto, gari na wayewa a ce mun sayar da jabu. Wannan ce ta sa wasu ke buga wancan rubutun. Ban ce ya kyauta ba. Kayan da bai yi wata ba, shi ma yana da dilan da zai mayar wa, kasala ce kawai ko tsoron kuɗin mota. 'Yata, kafin hukuma ki sa maigidanki ya je ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar layin da rasit ɗinsa. Shugabannin layi ba sa son sunan layinsu ya ɓaci, kuma na ga rigingimun da suka fi wannan an kashe su tsakanin Azahar da La'asar.

Malam Sani, Gwale:
Ƙari a kan haka, shari'armu ta riga ta yi magana. Malaman fiƙihu suna kiransa zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ya rigayi ciniki, ba a kuma bayyana masa ba, yana da damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. In mai shagon Musulmi ne a tuna masa da wannan cikin lalama. Kada ki ji kunyar neman haƙƙinki, ba rashin haƙuri ba ne.

Aunty Bilki:
Don masu karantawa: in matsalar layin waya ce a fara da kamfanin, in bai warware ba a kira hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a 622, kyauta ne. Ta banki a fara da bankin sannan CBN. Ta mita ko kuɗin wuta kuma kamfanin rarraba wutar, sannan hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC. Abinci da magani na NAFDAC ne.

Maman Hibba:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Alhaji, tun ranar farko a kan sitabilaiza take, kuma fanka da talabijin da ke layi ɗaya da ita lafiyarsu ƙalau. Ba wanda ya buɗe ta. Na duba cikin kwalin na ga katin garanti, sai dai mai shagon bai cike shi ba, bai buga hatimi ba. Kuɗin kuma ta taransifa muka biya, amma asusun da ya ba mu sunan mutum ne, ba sunan shagon ba. Barista, wannan zai ɓata min magana?

Barista A.:
Ba zai ɓata ba, Hajiya. Haƙƙin wata ukun nan doka ce ta ba ki, bai rataya a kan katin garanti ba. Rasit mai sunan shago ya isa shaidar cewa a can kika saya, shaidar taransifa kuma ta ƙara masa ƙarfi matuƙar rana da adadin kuɗin sun yi daidai da na rasit. Ki je banki ko ki shiga manhajarsu ki fitar da ita a takarda. Ki bi shawarar Alhaji, maigida ya je wurin shugabannin layi gobe, amma ya tafi da takardar wa'adin a hannu ya miƙa ta a gabansu, su zama shaida. Ainihin rasit ya zauna a gida, hotonsa za a kai. In mako ya cika babu gyara, babu canji, babu kuɗi, ki shigar da ƙorafi a hukumar jiha da FCCPC, ki ajiye lambar ƙorafin da za su ba ki.