Ayaba ta nuna ta yi luguf: me kuke yi da ita a gidajenku?

Maman Yusra, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Maigidana duk Asabar sai ya biya ta 'Yan Lemo ya sayo ayaba nono guda, saboda can ta fi araha. Lokacin sanyi ba mu da matsala, muna cinye ta kafin ta lalace. Amma tun da zafin nan ya shigo, kwana uku bawon ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, a na huɗu ta yi luguf, yara su ce ba sa so. Makon jiya guda tara na zubar, wallahi har yanzu abin na cin raina, ga yadda abinci ya yi tsada. Na san ana kek da ita, sai dai ba na son abin da zai sha suga da bota, don likita ya ce maigidan ya rage maiƙo. Don Allah wadda ta taɓa gwada wani abu da hannunta ta taimaka mini.

Inna, Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Kar ki sake zubarwa. Ni kunun gyaɗa nake yi da ita, shekara da shekaru. Ki dama kununki yadda kika saba, da 'yar shinkafarki da ruwan tsamiya, amma kar ki sa suga ko kaɗan. Idan kin sauke ya ɗan huce, ki ɓare ayaba biyu ko uku a kwano, ki murƙushe su da bayan ludayi har su yi laushi kamar koko, sai ki juye a ciki ki gauraya. Zaƙinta ya ishi tukunyar mutum biyar. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai: kar ki tafasa ta tare da kunun, launin yakan dushe ya yi duhu, ƙamshin ma ya gudu. Kuma a sha a lokacin, ba ya son ajiya. Jikokina ba su ma san na daina sa musu suga ba.

Maman 'yan biyu, Kaduna

Inna ta faɗi gaskiya. Ni kuma fanke nake yi a tandar waina. Ayaba biyu da suka yi luguf, ƙwai biyu, garin alkama gwangwanin madara ɗaya, rabin ƙaramin cokali na bekin foda, ɗan gishiri, da garin kirfa kaɗan. Idan ƙullin ya yi kauri sai in ɗan zuba madara ko ruwa. Ba na tsoma shi cikin mai, tandar kawai nake shafawa da ɗan man gyaɗa, cokali ɗaya ya isa gaba ɗaya.

Ranar da na fara yi na sha wahala. Na sa wuta irin ta waina, kafin in juya bayan ya ƙone ƙurmus, cikin kuma ɗanye. Sai daga baya na gane zaƙin da ke cikin ayabar ne ke saurin kama wuta. Yanzu ƙasa-ƙasa nake barin wutar, in rufe tandar da murfin tukunya, in jira sai na ga ƙananan ramuka sun fito a sama kafin in juya. Yana tashi da taushi, shi nake sa wa yara a kwanon makaranta.

Anti Amarya, Bauchi

Masha Allah, duk zan gwada. Ni mahaifiyarmu ce ke da ciwon suga, tun da aka hana ta sugan shayi sai nake markaɗa mata irin wannan ayabar guda uku da madara kullum da safe, tun da zaƙin na halitta ne.

Ma'aikaciyar jinya, Jos

Anti Amarya, don girman Allah ki dakata da wannan haɗin har sai kun yi magana da likitan Mama. Ba don in tsorata ki ba ne, amma abin da kika faɗa ina yawan jinsa a wurin aiki, kuma yana cutar da mutane. Ayaba tana ɗanya, yawancin abin da ke cikinta sitaci ne, wanda jiki ke narkarwa a hankali. Tana nuna sitacin nan yana juyewa zuwa suga, shi ya sa mai baƙin bawo ta fi zaƙi nesa ba kusa ba. Jini kuwa ba ya tambayar daga ina sugan ya fito. Guda uku a markaɗe, a shanye lokaci ɗaya da sassafe, ya yi wa mai ciwon suga yawa. In kuna da na'urar gwaji a gida, ku auna ta kafin ta sha, ku sake aunawa bayan awa biyu, za ku gani da idonku. Yawanci ana ba su shawarar ƙarama ɗaya ko rabi, wadda ba ta nuna sosai ba, a ci tare da gyaɗa ko kindirmo marar suga.

Ga masu lafiya kuwa, abin da Inna da Maman 'yan biyu ke yi shi ne daidai, domin sun cire suga sun sa ayaba a gurbinsa. Inda ake kuskure shi ne a zuba ayaba uku a ƙulli, sannan a ƙara kofin suga a kai. Matsakaiciyar ayaba ɗaya tana da kalori wajen 105 da sinadarin fotasiyam sama da miligiram 400, kuma nuna ba ta kore shi. Wannan fotasiyam ɗin alheri ne ga yawancin mutane, amma mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna.

Anti Amarya, Bauchi

Innalillahi, ban sani ba wallahi. Na gode 'yar'uwa, Allah Ya saka da alheri. Ranar Laraba muna da asibiti, zan tambaya.

Uwargida, Zangon Kumasi

Mu a nan Gana agada ce ta fi yi mana haka, ayabar suya ke nan. Idan ta yi baƙi ƙirin har mai sayarwa ya rage kuɗinta, lokacin ne ma muke nemanta, don da ita ake tatale. Ana daka ta da albasa, citta da barkono, a ƙara ɗan garin masara ya kama ta, a soya fale-fale a kasko. Ana ci da dafaffiyar gurjiya, wadda mutanen nan ke kira aboboi. Asali da manja ake soyawa kuma tana shan mai sosai, sai na koma zuba wannan ƙullin a gwangwanaye in turara shi kamar alala, da manja cokali ɗaya kacal a ciki. Minti 40 ya nuna. Na gwada da ayabar ci ma, tana yi, sai dai ta fi ruwa, dole ki ƙara gari. Zaƙi da yaji a haɗe, wanda bai saba ba zai yi mamaki, amma ki gwada sau ɗaya.

Mai sayar da kayan marmari, Katsina

Hajiya Maman Yusra, ku yi haƙuri na shigo maganar mata, amma sana'ata ce. Tun farko a gaya wa Alhaji ya riƙa haɗowa, rabi nunanna rabi mai kore-kore. Yana kawowa a fitar da ita daga leda, a rarraba nonon, kar a ajiye ta kusa da mangwaro ko tumatir. Ayaba tana fitar da wata iska da ke nunar da ita da duk abin da ke kusa, leda kuma tana tare iskar, ga zafi, sai ta nuna dare ɗaya. A rataye ta inda iska ke ratsawa. Sannan a bambance nuna da ruɓa. Baƙin bawo ba komai ba ne in cikin yana da ƙamshinsa. Amma in ta fara zubar da ruwa, ko ta yi hunhuna, ko tana warin tsami, ko cikin ya yi baƙi, wannan ta tafi, kar a ba yaro. A kula da wadda aka nunar da sinadarin kabaid, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha yin gargaɗi a kanta. Za ka ga bawo rawaya shar amma ciki da tauri ba zaƙi.

Maman Abdallah, Maraɗi

Ni fura nake damawa da ita. Kindirmo, fura ɗaya, ayaba ɗaya, a dama sosai, ba suga. Da azumin bara da ita muka riƙa buɗa baki. In ta yi yawa ina ɓarewa in yanka in sa a firiza, amma sai in wuta ta zauna, don in ta narke ta sake daskarewa ba ta da kyan gani, ni ba na yarda da ita. Autana ma da ya cika wata shida da ita na fara masa, murƙushe cikin kokon gero. Zuma ce kawai aka hana ni sa masa sai ya shekara.

Maman Yusra, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya da safe na yi fanken Maman 'yan biyu da guda huɗu da suka rage, na ninka komai biyu. Zubin farko ya ɗan yi duhu kafin in daidaita wutar, sauran sun yi kyau. Yusra da ke cewa ba ta cin baƙar ayaba ta ci biyar, ta tafi makaranta da uku. Maigidan ya sha da shayi ba suga. Inna, gobe in sha Allah kunun gyaɗa ne. Uwargida ta Kumasi, garin masarar nawa kike sawa a ayaba uku in turarawa za a yi?