Ƙwayar buhun wake da ƙwaƙwalwar waya: wai iska ɗaya ce?

Alhaji Ɗanjuma, Mile 12: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wani saƙon murya ke yawo tsakanin 'yan hatsi, na ce bari in kawo shi gaban masu boko. Mai maganar ya ce binciken masana ya tabbatar iskar da ke fita daga ƙwayar Phostoxin da muke sa wa buhun wake, da ita Turawa ke haɗa ƙwaƙwalwar waya. Ya ce to ga waya nan a aljihun kowa, har ƙarƙashin matashi ake kwana da ita, ba ta kashe kowa ba. Ke nan surutun da ake mana kan maganin wake hassada ce, so ake a karya mana kasuwa. Ni dai maganar ta shige ni.

Nura, Computer Village: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni sana'ata buɗe waya, ban taɓa jin warin ƙwayar wake a ciki ba. Ƙarya ce tsagwaronta.

Malama Hadiza, Agege: Nura, bi a hankali. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Ƙwayar aluminiyam fosfaid ce, da zarar ta sha danshi sai ta saki iskar da ake kira fosfin. Mai nauyin giram 3 tana ba da giram 1 na iskar. Kuma lallai ana amfani da fosfin a masana'antun da ke ƙera ai-si, wato ƙwaƙwalwar wayar da kake canzawa kullum.

Nura: Ikon Allah. To me take yi a can, Malama? Ko su ma ƙwari ke damun su?

Malama Hadiza: Ai-si da silikon ake yin sa, shi kuma daga farin dutse da yashi ake samo shi. Sai an tace shi ya kai kashi 99.9999999 cikin ɗari ko fiye. To in ya yi tsabta haka, wuta ba ta bin sa sosai. Sai a sa masa ɗan baƙon sinadari da gangan. Ƙwayar zarrar silikon tana da elektron 4 a bayanta, ta fosforas tana da 5, wannan rarar guda ɗin ita ke ɗaukar wuta. A wani gefen a sa boron mai 3. Da irin mahaɗar waɗannan ɓangarorin biyu ake gina makunnin da ke buɗewa ya rufe, wato tiranzista, wadda aka fara ƙerawa a Bell Labs na Amurka a 1947. Aikin fosfin kawai ta kai fosforas wurin. A cikin injin ake wargaza ta, fosforas ɗin ya maƙale a jikin silikon, a wasu sassan bai fi ɗaya cikin miliyoyi ba. Iskar kanta ba ta biyo wayar zuwa shagonka a Ikeja.

Alhaji Ɗanjuma: To ai kin gaskata mutumin, Malama. Abu ɗaya ne.

Sadiku, Akoka: Kawu, a gafarce ni, ba nan gizo ke saƙar ba. Tambayi yadda su masu masana'antar ke riƙe ta. Tukunyar gas ɗin a cikin akwatin ƙarfe take a kulle, da bututun da ke zuƙe iska waje, da na'urar da ke ƙara in ta ji ɗigo. A Amurka iyakar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa a aikin awa 8 ita ce 0.3 cikin miliyan. Kuma har yau ba ta da makari, in ta shiga jiki sai dai likita ya yi ta tallafar numfashi da zuciya. Mu kuwa a sito ɗaya ake jibge buhunan da aka sa wa ƙwaya, yaran shago su shimfiɗa kwali a gefe su kwana, a ja ƙofa saboda sauro.

Alhaji Ɗanjuma: Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan sana'a. A takarda muke naɗe ta mu cusa tsakiyar buhu. Ga ni nan da raina.

Hajiya Balki, Idi-Araba: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, amma bari mu masu suya mu ce wani abu. Kwanaki na sayi buhu a wajen wani, ba zan kama suna ba. Ina kwance bakin sai wani wari ya buge ni, kamar tafarnuwa ta haɗu da ruɓaɓɓen kifi. Da na juye a baho, can tsakiya ga takardar ta yage, wani gari fari-fari mai kama da toka ya bi waken. Yinin nan da ciwon kai na yi shi, yarinyar da ke taya ni surfe har amai ta yi. Wani buhun kuma za ka ga waken yana ɗan sheƙi, ka damƙa ka sunsuna hannunka, fiya-fiya zalla. Ƙosan nan 'yan makaranta ke ci da safe.

Malama Hadiza: Hajiya, abu biyu kika ambata, kuma raba su yana da amfani, don a nan zan ɗan tsaya wa Alhaji. Ƙwayar, in an bi ƙa'idarta, ta fi fiya-fiya tsabta nesa ba kusa ba, domin iska ce, in an buɗe ta sha iska tana tafiya, abin da take bari a jikin hatsi kaɗan ne ƙwarai. Amma ƙa'idar ita ce wurin ya zama a toshe ruf, ƙarƙashin tamfol ko cikin durom, a bar shi kamar mako guda, ba mutum ba dabba a kusa, sannan a kwashe garin da ya rage a binne. Buhun da muka sani kuwa duk ƙofofi ne. Iskar ta tsere ta shiga hancin mai kwana, ƙwan da ke cikin waken bai mutu ba, bayan 'yan makonni ƙwari su dawo, a ce ƙwayar jabu ce a ninka. Haka ake samun ƙwarin da suka saba da ita, abin da masu bincike suka riga suka gani a ƙasashe da dama. Fiya-fiya kuwa, wato dikilobos, shi ne kuma ke cikin maganin ƙwarin nan Sniper, ba a yi shi don a zuba wa abin da za a ci ba sam.

Malam Iliya, Obalende: To wanne daga ciki ya sa Turai ta rufe mana ƙofa?

Sadiku: Dikilobos ne, Malam, ba ƙwayar ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya. Iyakarsu miligiram 0.01 a kowane kilo, abin da suka riƙa samu a namu daga 0.03 har 4.6. Da wa'adin ya cika a 2016 sai suka ƙara shekara uku.

Alhaji Ɗanjuma: Yauwa! 0.01. Wa ya taɓa ganin 0.01 da idonsa? Sun zaɓi lambar da suka san ba mai iya cikawa ne. In ba siyasa ba mene ne?

Sadiku: Kawu, a nan kana da 'yar gaskiya. Su a dokarsu duk maganin da ba su amince a yi noma da shi ba, 0.01 suke sa masa kai tsaye. Ba wai 0.02 na kashe mutum ba ne. Amma 4.6 fa ninki 460 ke nan. Kuma a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, ce da kanta ta hana baza Sniper a kantuna da kasuwanni, ba Bature ba.

Alhaji Ɗanjuma: NAFDAC ta hana ne saboda masu sha su kashe kansu, kowa ya sani. Kada ka haɗa min biyu.

Malama Hadiza: Wannan na ciki, Alhaji, amma maganar zuba shi a abinci ma hukumar ta sha yin gargaɗi a kai.

Nura: Ni yanzu abin da ya tsaya min shi ne cewar waya ba ta cutarwa. Tana lafiya ne muddin tana rufe. Ai-si ɗin da ke ƙara ƙarfin sabis a wayoyi da yawa da galiyam asenaid ake yin sa, akwai asenik a ciki, gubar da kowa ya sani. Ku je bayan Alaba ku ga yara na ƙona tarkacen waya da kwamfuta don su ciro jan ƙarfe, hayaƙi baƙi ƙirin, ba ko ƙyalle a hanci. Mu ma nan hayaƙin dalma muke sha a kan teburin gyara.

Malama Hadiza: Asenik ɗin ma ta gona ya fara bi. Kafin maganin ƙwarin DDT ya zo a shekarun 1940, da haɗin dalma da asenik ake feshin gonakin tuffa a Amurka, kuma har yanzu ana samun sa a ƙasar tsofaffin gonakin.

Malam Iliya: Abin haushin, ga amoniya nan ana yi a Ibeju-Lekki, masana'antar takin Dangote da aka buɗe a 2022, tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Na ji da amoniya ake yin galiyam naitiraid na ƙananan cajojin nan masu sauri. Me ya hana mu?

Malama Hadiza: Tacewa, Malam. Wadda ta isa taki ba ta isa ai-si ba, tazarar da ke tsakani ita ce duk sana'ar.

Alhaji Ɗanjuma: Ku dawo kan wake don Allah. In na bar ƙwaya, na bar fiya-fiya, da me zan tsare dukiyata? A zafin Legas da danshinta wata biyu ya isa buhu ya koma gari. Ko wannan sabon irin na Zariya ne mafita?

Sadiku: SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019? Shi tsutsar da ke huda kwanso a gona yake kashewa, ba ruwansa da ƙwaron sito. Na sito buhun PICS ne, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara binciken da masana a Marwa ta Kamaru, aka fara yaɗa shi a 2007. Ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su cinye iskar da ke ciki su mutu da kansu, ba magani ko ɗigo.

Alhaji Ɗanjuma: Na san shi. Na manomi ne da zai ajiye a ɗaka ya manta. Mu nan mai saye sai ya soka ƙarfe ya ga samfur, 'yan dako kuma da ƙugiya suke fizgar buhu daga tirela. Huda ɗaya, kuɗinka ya tafi. Sannan waken nan kafin ya iso hannuna ya bi hannu uku ko huɗu, daga ƙauye zuwa Dawanau ko Potiskum zuwa nan. Kowa ya sa nasa, ba mai faɗa wa na gaba. Ni na ƙarshe ni ake zagi.

Malama Hadiza: Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka faɗa yau, kuma ba ta da alaƙa da waya.

Alhaji Ɗanjuma: Kan Turai dai ina nan a kan bakana. Kwanan yara a sito kuwa zan duba.

Hajiya Balki: Alhaji, mu yi ciniki a gaban shaidu. Ka sa a ɗauro min wake a buhun nan tun daga Dawanau, ba a sa masa komai ba, ni zan biya kuɗin buhun a kan farashi. Amma da hannuna zan kwance.

Alhaji Ɗanjuma: Na yarda, tirela mai zuwa zan ce a sa guda goma. In ya huje a hanya, asara rabi da rabi.

Hajiya Balki: A'a Alhaji, ban ce haka ba. Ƙugiyar 'yan dakonka ce, ba tawa ba.